Ya tattaro kayansa ya dawo, ko ya tsaya a yi shari'a?

Aminu, Ƙofar Guga

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da yayyena, ina neman shawararku a kan wata magana da ta raba kan gidanmu gida biyu. Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya shiga Amurka da bizar ziyara, wa'adin da aka ba shi ya ƙare bai fito ba, ya ci gaba da zama yana aiki a wani shagon kayan masarufi har shekaru suka ja. Yanzu hukumar shige da fice ta ba shi sammaci zuwa kotun baƙi, kuma lauyan da ya gani ya shimfiɗa masa hanya biyu: ko dai ya roƙi alƙali izinin fita da kansa cikin wa'adi, ya yanki tikitinsa ya dawo gida, ko kuma ya tsaya a fafata, in ya yi nasara ya zauna, in ya faɗi a taso ƙeyarsa. Mahaifiyarmu tana so ya dawo ko da rigar jikinsa ce kaɗai, amma Kawu, wanda ya sayar da gonarsa aka haɗa kuɗin tafiyar, ya ce wanda ya dawo da ƙafarsa ya miƙa wuya ne tun ba a fara kokawar ba. Yaron ba shi da mata ko ɗa a can, kuma bai taɓa shiga hannun 'yan sanda a kan wani laifi ba.

Alhaji Lawal, Mai'aduwa

Wa alaikumus salam. Malam Aminu, ni ina bayan kawunku, kuma ba don gonar kaɗai ba. Ƙasar da ta kafa kotu ta ce ka zo ka kare kanka, ai ta buɗe maka ƙofa ce, kuma babu dalilin da zai sa mutum ya rufe ta da hannunsa. Mu da muka ga jamhuriya ta biyu ba mu manta da Shugaba Abdurrahman Darman ba, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, wanda gwamnatin tarayya ta ɗauka a 1980 ta kai shi Chadi da sunan ba ɗan Najeriya ba ne. Da ya haƙura ya zauna can da shi ke nan, amma aka je kotu, kotu ta ce korar ba ta bisa doka, ya dawo gida da mutuncinsa. Hukuma takan yi kuskure, kuma ba ta gyara kuskurenta ga wanda ya yi shiru.

Barista Hadiza, 'yar Rafindadi mazauniyar Amurka

Alhaji, Allah ya ƙara girma, misalin da ka kawo mai kyau ne, sai dai shi ne ma yake nuna inda bambancin yake. Shugaba Darman ya ci shari'arsa domin yana da hujja, wato shi ɗan ƙasa ne, kuma ba a korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa. Don haka tambayar da ya kamata gidan su Malam Aminu su fara yi ba ita ce ko yaron yana da zuciya ba, tambayar ita ce ko yana da hujjar da dokar Amurka ta san da ita. Zan yi bayani gaba ɗaya, amma lauyansa da ya ga takardunsa shi ne mai maganar ƙarshe.

Hanyoyin da mutum irinsa yake iya tsira da su a kotun baƙi ba su da yawa. Akwai neman mafaka, ga wanda yake tsoron a zalunce shi a ƙasarsa saboda addininsa, ko ƙabilarsa, ko ra'ayinsa na siyasa da makamantansu, kuma a bisa ƙa'ida ana shigar da wannan buƙata ne cikin shekara ɗaya da shigowa ƙasar, sai in akwai uzuri mai ƙarfi. Akwai soke korar, wanda yake buƙatar mutum ya yi shekara 10 cur a ƙasar, yana da hali na gari, sannan ya nuna cewa korarsa za ta jefa matarsa ko ɗansa ko mahaifinsa, wanda yake ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, cikin wahalar da ta wuce misali. Akwai kuma gyara zama ta hanyar aure na gaskiya da 'yar ƙasa. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, to abin da zai saya da kuɗin lauya lokaci ne kawai, kuma a sani cewa a kotun baƙi gwamnati ba ta ba mutum lauya kyauta kamar yadda take yi a shari'ar manyan laifuka.

Shi kuwa izinin fita da kai iri biyu ne. Idan aka nema tun farkon shari'a, alƙali yana iya ba da wa'adin da ya kai kwana 120, amma da sharaɗin mutum ya amsa cewa zamansa ba ya bisa ƙa'ida, ya janye duk wata buƙata da ya shigar, ya kuma yafe haƙƙinsa na ɗaukaka ƙara. Idan kuwa sai a ƙarshen shari'a aka nema, wa'adin ba ya wuce kwana 60, sharuɗɗan kuma sun fi tsauri: sai ya kasance ya yi aƙalla shekara ɗaya a ƙasar kafin a ba shi sammaci, sai an shaide shi da hali na gari na shekara 5, sai ya nuna fasfo da kuɗin tafiya, sannan ya ajiye jinginar da ba ta gaza dala 500 ba cikin kwanakin aiki 5.

Amfaninsa babba shi ne mutum ya fita ba tare da hukuncin kora a kansa ba. Wanda alƙali ya yanke wa hukuncin kora ana hana shi dawowa shekara 10, wanda aka kora karo na biyu shekara 20, kuma idan ya sake shigowa a ɓoye ya zama mai babban laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Amma ina roƙon a fahimci wani abu da 'yan'uwanmu da dama suke ruɗuwa a kai. Tun dokar 1996, wanda ya zauna ba izini shekara ɗaya ko fiye, da zarar ya fita daga ƙasar, ko da ƙafarsa ya fita, haramcin shekara 10 yana hawa kansa. Ke nan ƙanen Malam Aminu, in dai ya wuce shekara, kada kowa ya yi masa alkawarin cewa zai dawo Katsina ya huta ya sake neman biza baɗi. Abin da zai tsira da shi shi ne katanga ɗaya a gabansa maimakon biyu, da damar ya sallami aikinsa, ya karɓi bashin da yake bi, ya kwashe kuɗinsa daga banki, ya shigo jirgi kamar kowane fasinja.

Hajiya Binta, Ƙofar Marusa

Barista, Allah ya saka da alheri, wannan na ƙarshen da kika faɗa shi ne abin da maza ba su cika ba shi muhimmanci ba, alhali shi ne rabin maganar. Na zauna a Makka ina ɗinki da sayar da abinci lokacin da Saudiyya ta yi afuwar 2017, wadda ta fara a ƙarshen watan Maris aka ba da kwana 90, daga baya aka ƙara wa'adin. Aka ce duk wanda ba shi da igama, ko wanda ya zo Umara ya maƙale, ya je ya yi takardar fita, babu tara, babu ɗauri, kuma ba za a rubuta shi cikin waɗanda aka kora ba, yana iya dawowa ta hanyar da ta dace. Ni na karɓa. Na sayar da firji da na'urar sanyaya ɗaki, na bi gida gida na karɓi kuɗin ɗinkin da nake bi, na kwance kekena na naɗe kansa a cikin bargo na sa a akwati, kuma da keken nan nake cin abinci har yau.

Maƙwabciyata, wadda muka shaƙu ƙwarai, ta ce ita ba za ta koma gida a yi mata dariya ba, ai an sha yin afuwa ana mantawa. Bayan wa'adi ya wuce aka kama ta a hanyar kasuwa, da silifas ɗin wanka a ƙafarta da ledar tumatir a hannu. Tukunyarta tana kan wuta, adashin da ta zuba na watanni yana hannun uwar adashi, 'yan kunnenta na zinari suna ƙarƙashin katifa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya biyo ta. Lokacin da na je yi mata sannu da zuwa, abayar da aka kama ta da ita ce a jikinta. Wanda duk ya san Makka ya san Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a yi wa tarhil, wato korar dole zuwa ƙasarsu, a hanyar Jidda, kuma ya san ba wurin da mutum yake shiga da shiri ba ne. Ina faɗa wa kawun Aminu cewa kuɗin gonarsa sun fi kusa da dawowa idan yaron ya fito da abin da ya tara, fiye da in an ɗauke shi daga wurin aiki.

Alhaji Lawal, Mai'aduwa

Hajiya, na ji, amma Saudiyya daban, Amurka daban. A Saudiyya babu wata kotun da takari zai tsaya ya yi jayayya, a Amurka kuwa akwai. Kuma Barista da kanta ta ce abin da ake saya lokaci ne, to ni a wurina lokaci ba ƙaramin abu ba ne. Kotunan baƙi na Amurka suna da shari'o'in da suka haura miliyan 3 a jibge, mutum yakan yi shekaru kafin a zo kansa. In yaron ya samu shekara uku ko huɗu yana aiki yana turo dala, da canjin da ake yi yanzu, ai ya fanshi gonar ya gina gida. Tunda haramcin shekara 10 yana jiransa ko ta wace hanya ya bi, me zai sa ya yi gaggawa?

Barista Hadiza

Alhaji, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a tsaya, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba, domin akwai waɗanda jinkirin kotu ya amfane su. Amma a duba abin da ake jinginar da shi. Da farko, shari'a ba ta tsawaita haka kawai, sai mutum ya shigar da wata buƙata, kuma wanda ba shi da hujja buƙatar da ake tura shi ya shigar ita ce ta mafaka da labarin ƙarya. Idan alƙali ya tabbatar cewa da gangan aka ƙirƙiri labarin, dokar ta haramta wa mutum duk wata alfarmar shige da fice har abada, ko da daga baya ya auri 'yar ƙasa aure na gaskiya. Na biyu, jinkirin nan na wanda yake waje ne. Wanda aka tsare shari'arsa takan yi sauri, kuma yana cikin kurkukun baƙi ba ya aiki ba ya turo ko sisi, sai dai a riƙa tura masa. Tun 2025 kuwa kama mutane ya ƙaru ƙwarai, har a harabar kotunan ma an kama wasu. Na uku, kuɗin lauya na shekaru da na ɗaukaka ƙara, wadda ake shigarwa cikin kwana 30 bayan hukunci, daga aljihun yaron za su fito.

Abin da na fi jin tsoro, kuma shi ne na fi gani a tsakanin mutanenmu, ba fita ba ne kuma ba tsayawa ba ne. Shi ne mutum ya ji matsin gida ya yi yawa, ya kasa dawowa don kunya, ya kasa biyan lauya don babu, sai ya canza gari ya kashe waya ya ƙi zuwa kotu. Ranar da aka kira sunansa ba ya nan, alƙali zai yanke hukuncin kora a bayan idonsa, daga nan kuma duk ranar da aka tsayar da shi ko a kan fitilar mota ce, babu sauran wata doguwar magana. Haka ma wanda ya karɓi izinin fita da kansa sannan ya ƙi fita: izinin yana rikiɗewa ya zama hukuncin kora, ga tara ta dubban daloli, ga haramcin shekara 10 na neman gyara zama. Wanda ya san ba zai fita ba, neman wannan izini ya fi cutar da shi a kan rashin nemansa.

Musa Direba, Kwangwalam

Ranku ya daɗe, ni ba ni da ilmin doka, amma na daɗe ina jigila tsakanin Daura da Damagaram, kuma ina so a yi hattara da yadda ake yabon komawa da kai kamar kullum zaɓi ne. Yaran da suke bi ta nan su nufi Agadas, daga can su wuce Libiya ko Aljeriya, da yawansu in sun dawo takardarsu tana cewa da son ransu suka dawo. Amma a tambaye su yadda son ran ya samu. Sanannen abu ne cewa Aljeriya tana kwaso mutane a manyan motoci ta sauke su a cikin sahara, su taka kusan kilomita 15 a ƙasa kafin su isa Assamaka, garin kan iyaka na Nijar. Wanda ya iso nan ƙafa a kumbure, aka ce masa ga abinci ga wurin kwana ga mota zuwa gida idan ya sa hannu cewa ya yarda ya koma, me ake so ya ce? Haka waɗanda hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta riƙa kwasowa daga wuraren tsare mutane a Libiya, musamman bayan labarin cinikin bayi ya fasu a ƙarshen 2017. Aikin ceto ne, kuma ya tsamo dubban 'yan Najeriya, Allah ya saka wa masu yi. Sai dai wanda aka ba zaɓi tsakanin ɗakin tsaro da jirgi ba daidai yake da wanda yake zaune a ɗakinsa yana shawara da lauya ba. Ƙanen Malam Aminu yana cikin masu sa'a, domin shi har yanzu shawarar tana hannunsa, kuma ina ganin gara ya yanke ta tun tana hannunsa.

Dakta Kabir, ɗan Daura mazaunin Ingila

Maganar Malam Musa gaskiya ce, kuma gwamnatocin ma ba don tausayi kaɗai suke son mutum ya fita da kansa ba, kora da ƙarfi tana cin kuɗi mai yawa, ga jami'an rakiya ga wurin tsaro ga jirgin haya. Shi ya sa suke saka lada. A nan Ingila an tsara abin daki-daki: wanda ya wuce wa'adi ya fita da kuɗinsa, haramcin dawowarsa shekara 1 ne, wanda gwamnati ta biya masa tikiti, shekara 2 ko 5, gwargwadon yadda ya gaggauta fita bayan an ba shi sanarwa, wanda aka fitar da ƙarfi kuwa shekara 10. Akwai kuma tallafin da yake kaiwa fam 3,000 ga waɗanda suka cancanta. Daular Larabawa ma ta yi afuwa daga Satumba zuwa ƙarshen Disamba na 2024, waɗanda suka fita a lokacin ba a ci su tara ba kuma ba a hana su dawowa ba. Na kawo waɗannan ne domin a ga cewa ribar fita da kai ba ɗaya ba ce a ko'ina. A Ingila tazarar shekara 1 da shekara 10 babba ce ƙwarai, a Amurka kuwa, kamar yadda Barista ta nuna, ga wanda ya daɗe tazarar ba ta kai haka ba. Kada wani ya ɗauki labarin ɗan'uwansa na Dubai ya yanke wa na Amurka hukunci da shi.

Barista, ina da tambaya. Mun ji a watan Mayu na 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da ba da dala 1,000 da tikiti ga wanda ya yi rajistar fita ta manhajar CBP Home. Shin wannan bai fi masa sauƙi ba?

Barista Hadiza

Dakta, sanarwar gaskiya ce, amma ba abu ɗaya ba ne da izinin da alƙali yake bayarwa. Mutumin da shari'arsa take buɗe a kotu, idan ya hau jirgi ba tare da an rufe ta ko an ba shi izini a rubuce ba, ranar zaman kotu za ta zo ba ya nan, kuma yana iya samun hukuncin kora alhali yana zaune a Katsina. Wanda kuma tuni akwai hukuncin kora a kansa, fitarsa da ƙafarsa ba ta goge hukuncin, doka tana ɗaukar cewa ya zartar da shi ne da kansa. Saboda haka kada ya taɓa manhajar sai lauyansa ya duba matsayin shari'ar.

Malam Ilyasu, Sandamu

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ni abin da zan ƙara ta fuskar addini ne da zumunci. Biza alkawari ce, mutum ya sa hannu cewa zai shiga ya fita a lokaci kaza, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai su cika alkawura. Ba ina cewa a tsangwami yaron ba ne, domin mun san abin da yake fitar da samarinmu daga gida, amma idan aka buɗe masa hanyar gyara abin da ya ɓaci ba tare da wulaƙanci ba, karɓarta ba ragwanci ba ne. Abin da ba zan iya goyon baya ba shi ne a ce ya je gaban alƙali ya rantse a kan labarin da bai faru ba, ya ce ana farautarsa alhali ba a farautarsa, domin kuɗin da aka samu ta wannan hanya ba za su yi wa gonar albarka ba, sannan yana ɓata wa masu gaskiya hanya. Masu gaskiyar kuwa suna nan. Wanda 'yan bindiga suka ƙone garinsu a yankin Batsari ko Jibiya ko Faskari, ko wanda ake nema da gaske saboda abin da ya faɗa, yana da haƙƙin ya faɗa wa alƙali gaskiyarsa, alƙali ya auna ta da dokarsu. Sahabbai ma sun nemi mafaka a Habasha, kuma da aka aiko a dawo da su tsayawa suka yi gaban sarki suka kare kansu. Irin wannan mutum ni ba zan ce masa ya sa hannu ya yafe ɗaukaka ƙara don ya huta ba.

Baba Sale, Unguwar Alkali

'Ya'yana, ku bar ganin dawowa gida kamar wani sabon abin kunya. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Gana, kuma mahaifina yana cikin fataken goro da suka baro Kumasi a lokacin. Waɗanda suka gaskata sanarwar da wuri sun sayar da abin da za su iya sayarwa, waɗanda suka ce wasa ne sun bar shaguna da gidaje a hannun maƙwabta. Mu ma a 1983 mun yi wa mutanen Gana irin wannan, har jakar da suka zuba kaya ta samu suna. Mahaifina ya dawo Katsina ya sake kafa kasuwancinsa, ya aurar da mu duka, kuma ban taɓa jin wani ya goranta masa ba. Gorin nan na yanzu ne, tun da aka mayar da zuwa waje kamar an ci jarrabawa.

Zainab, Ƙofar Ƙaura

Baba, Allah ya ƙara lafiya, gorin na yanzu ne amma yana da zafi, kuma shi ne yake hana mutane yanke shawarar da ta dace. Maigidana ya dawo daga Turai da kansa bayan an ƙi buƙatarsa. Watannin farko ko majalisar ƙofar gida ba ya zama, sallar asuba kaɗai yake yarda ya yi a masallacin unguwa domin lokacin babu mai tsayar da shi da tambaya. Masu zuwa sannu da zuwa idonsu yana kan akwatuna, wasu har su ce yaushe za a koma, wasu su tambayi ina tsarabarsu. Ba rashin kuɗi ne ya fi damunsa ba, ganin da yake yi cewa ya ba mahaifinsa kunya ne. Abin da ya tashe shi shi ne ranar da yayansa ya miƙa masa makullin shagonsa na kayan gini ya ce daga yau kai ne a nan, ni zan riƙa zuwa Kano sari.

Don haka, Yaya Aminu, kafin ku ce masa ya dawo ko ya tsaya, ku fara gyara gidan da zai dawo cikinsa. Ku zauna da Kawu a yi maganar gonar a fili, a rubuta nawa ne, a yarda a kan yadda za a biya a hankali, domin muddin yaron yana jin cewa bashin gona yana jiransa a tashar mota, zai zaɓi ɓuya. Kuma ku bar shi ya ji daga bakin Kawu kansa, ba daga bakinku ba, cewa ƙofa a buɗe take.

Alhaji Lawal, Mai'aduwa

Zainab ta faɗi abin da ya fi nawa nauyi. Ban sauka daga ra'ayina ba cewa mai hujja ya tsaya, kuma ina ba da shawarar a nemi lauya na biyu ya sake duba takardun kafin a yafe komai, domin lauyoyi ma wani ya fi wani zurfin bincike. Idan shi ma ya ce babu hanya, to ba ni da ta cewa.

Aminu, Ƙofar Guga

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiyarmu bayanan nan, kuma za mu nemi lauya na biyu kamar yadda Alhaji ya ce. Barista, saura abu ɗaya: fasfonsa ya ƙare tun bara. Shin wannan zai hana a ba shi izinin?

Barista Hadiza

Malam Aminu, yana iya kawo cikas, don haka ya fara da shi tun yau, kada ya jira ranar kotu. Alƙali yana so ya ga takardar tafiya mai aiki, kuma wa'adin kwana 60 ko 120 ba ya tsayawa domin ana jiran fasfo. Najeriya tana da ofishin jakadanci a Washington da ƙananan ofisoshi a New York da Atlanta, kuma idan sabunta fasfon zai ja lokaci, akwai takardar tafiya ta gaggawa da ake bayarwa domin komawa gida kaɗai. Ya yanki tikitin da zai tashi da sauran kwanaki a wa'adin, domin jirgin da aka soke a ranar ƙarshe ba uzuri ba ne da za a dogara da shi. Ya karɓi takardun shaidar aikinsa da na harajin da ya biya, ya rufe asusunsa ko ya san yadda zai riƙa sarrafa shi daga nan. Idan ya sauka, ya kai takardar tabbatar da fita da za a ba shi ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas domin a shaida cewa ya fita cikin wa'adi, da ita ce ake mayar da kuɗin jingina idan ya ajiye. Katin shiga jirgi da shafin fasfon da aka buga wa hatimin sauka kuwa ya yi musu hoto ya adana, ya ba ka kwafi ɗaya ka ajiye a wurinka.